Abin da Na Gani Ranar Wankanki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, a makwancinta na Gehuru.

Assalamu alaiki wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, gwiwa biyu a ƙasa, kai a sunkuye. A wasiƙa, daga nan akan ce "da fatan kina lafiya". Na rubuta hakan, na goge. Abin da ya dace da ke yanzu shi ne in ce da fatan an yalwata miki, an haskaka miki, an sanyaya miki makwanci.

Na san takarda ba ta zuwa inda kike, addu'a ce ke zuwa. Amma akwai wata magana da ta shafe ki, wadda na riƙe a bakina shekara tara. Watan jiya na faɗa wa mutum biyu ita ba da izninki ba, yau kuma ga ni zan faɗe ta gaban jama'a. Ban ga ya kamata in yi hakan a bayan idonki ba. Shi ya sa na fuskance ki. Masu karantawa su zauna daga gefen tabarma su saurara.

Bari in fara da labarin gida, tunda shi kika saba tambaya tun baƙo bai sha ruwa ba. Gero ya yi kyau bana. Zauren gidanmu ya faɗi da ruwan tsakiyar damina, autanki Sani ya tayar da shi da bulo, da za ki zo sai kin tsaya kin tambayi hanya. Durumin ƙofar gida yana nan. Jar akuyar da kika ba ni ranar da aka kawo ni ɗakin miji a Sabon Garin Jega ta daɗe da mutuwa, amma jikokin jikokinta bakwai ne yanzu a turke. Mai kula da su ita ce Uwani, ɗiyata mai sunanki, wadda kika bari tana shekara goma. Ta zama budurwa, ta sauke Alƙur'ani, ta gama sakandare. Tafiyarki ce da ita, har da yadda kike karkata kai in ana miki maganar da ba ki yarda da ita ba.

Kuma ta gaji hannunki wajen bisashe. Nan maganar tawa ta faro.

Kin tuna hantsin da kike zama a kan turmin da aka kifa, ki matse akuya tsakanin gwiwoyinki? Sai ki ce, "Ke, zo riƙe min ƙahon wagga." In riƙe, ki bi ta da yatsa: cikin kunne, ƙarƙashin wutsiya, tsakanin hantsa. Ki ciro kaska ta ƙoshi ta yi tumbur, ki murƙushe ta da farce a kan dutse, ki goge jinin a gefen zane. Ni ina yatsina fuska, ke kina dariya kina cewa, "Kaska ta san inda ido bai zuwa." Na ji wannan magana ya fi sau ɗari. Akuya kaɗai na ɗauka kike nufi, ke ma na san akuyar kike nufi.

"Ke" kike ce min, saboda ni ce 'yar fari. Har kika koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinki ba. In kina ba wani labarina sai ki ce "waccan ta Jega". Ina ƙarama na ɗauka ba kya so na ne, sai da Gwaggo Tumba, ƙanwar Baba da ke aure a Andarai, ta ja min kunne ta ce, "Sakarai, wanda anka hi so shi aka ɓoye ma suna." Na yarda da ita. Amma wannan kunyar ta tsaya tsakaninmu kamar zana, ina jin motsinki, ban ganin ki.

Shekarar da kika kwanta, kaka ce, ana ɗibar harawar wake. Kin yini kwana biyu a gona kina ɗaure wa awaki abinci, kin dawo kin ce jikinki ya yi nauyi. "Masassara ta," kika ce, "gobe ta sake ni." Kin dafa dogon yaro da ganyen gwaiba kin yi sirace. Ba ta sake ki ba. A kwana na uku Sani ya ɗauko ki a babur ya kawo ki ɗakina. Muka je aka tsaga miki yatsa, aka ɗiga jinin a ɗan farin abin gwajin nan, layi biyu suka fito. Maleriya. Wallahi, Inna, har daɗi muka ji. Ciwon da aka san sunansa, aka san maganinsa, wanda babu gidan da bai kwana ba.

Kin shanye ƙwayoyin kwana uku, zafin yana nan. Aka ce ta yi ƙarfi ne, aka koma allura. Allurai suka ƙare, aka ce to ashe da taifod a haɗe, aka rataya ruwa. Kina cewa kanki kamar ana sussuka a ciki. Gaɓoɓinki duk ciwo. Kowa ya zo dubiya sai ya ce, "Sauron bana ba irin na bara ba ne," mu ce wallahi kuwa.

Babu wanda ya ce ki buɗe jikinki a duba. Ba na ɗora wa kowa laifi, don da an ce ma, na san ba za ki buɗe wa namiji ba. Ni kaina da nake jinyarki, fuska da hannuwa da tafin ƙafa kaɗai kika yarda in goge miki. In lokacin wanka ya yi sai ki ce, "Ke, aje ruwan ki fita." Ki dafa bango ki shiga, in tsaya bayan ƙofa ina sauraron zubar ruwa, zuciyata a hannu, kar in ji faɗuwa. Ranar da kika kasa tashi, kin gwammace a bar ki haka nan da 'yar fari ta ga jikinki.

A kwana na goma sha uku, bayan azahar, Allah ya karɓi abinsa.

Gwaggo Tumba ce ta yi miki wanka, kamar yadda take yi wa matan danginmu tun ban san kaina ba. Ta ce ni zan kama mata, tunda ni ce na yi karatu, na san farillai da sunnoni. Kafin mu shiga ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni ta ce, "Abin da ido ya gani ɗakin ga, ɗakin ga za shi zama." Ai na sani. Tun muna makarantar allo, da muka kai babin jana'iza, malaminmu ya ja mana kunne cewa mai wanka amana aka ba ta, mamaci ba shi da hannun da zai rufe kansa, sai hannun mai wankansa.

Ruwan ɗumi da ganyen magarya. Ƙamshin kafur. Mun lulluɓe ki da zane, Gwaggo ta naɗe hannunta da ƙyalle, ina zuba ruwa tana bi. Karo na farko ke nan da na taɓa ki yadda nake so, ba ki ce in fita ba. Na tsefe miki kai, na yi miki kitso uku. Ban san gashinki ya yi fari haka ba.

Da muka juya ki ɓangaren hagu, zanen ya ɗan zame. Na gan shi. Ba zan faɗi wurin ba, Inna, wannan kam zai bi ni kabari. Wuri ne dai da tufafi ke rufewa. Wani ɗan tabo ne baƙi ƙirin, bai kai ƙwayar wake ba, kamar an ɗiga garwashi ya ƙone ya bushe, gefensa ya yi zobe ya tasa. Na ja zanen na rufe. Ban dubi Gwaggo ba. Muka sa ki a likkafani, maza suka ɗauka.

Shekara tara ban faɗa wa kowa ba, har baban su Uwani. Ba wai na ɗauke shi wani abu ba ne. Amma yakan zo min ina tsakar tankaɗe, ko ina jan carbi, in ce a raina, wannan mene ne? Sai in yi istigfari, don tunanin ma gani nake kamar ɗaga zanen ne.

To bana, bayan ruwa ya ɗauke, Uwani ta sayi rago a kasuwar Maiyama, wai za ta yi kiwo. Ya zo da kaska kamar an watsa masa gero. Na fito da hantsi na same ta a kan turmi, ta matse shi tsakanin gwiwoyi, tana bin kunnensa da yatsa. Na tsaya da tsintsiya a hannu, na kasa motsi. Ke na gani. Na ce mata, "Kaska ta san inda ido bai zuwa." Ta ce, "Umma, wannan karin maganar ta ina ce kuma?" Na ce ta kakarki ce.

Mako guda bayan nan ta kwanta da zazzaɓi.

Mai shagon magani na bakin layinmu ya gwada ta, layi ɗaya ya fito. Ya ce, "Hajiya, wani lokacin ɓuya take yi a hanta, a dai ba ta maganin." Haka kowa ke cewa a nan, ɓuya take yi. Muka ba ta. Kwana uku, zafin kamar ana hura shi. Babanta yana Aliero ana dashen albasa, na kira shi ya ce a kai ta asibiti, ga shi nan tafe. Aka ba mu gado, aka sake gwaji, aka rataya ruwa. Da na tambaye ta ina ke mata ciwo, ta ce, "Umma, kaina kamar ana daka a ciki."

Kin san sunanki ne a katinta. Ni ban taɓa furta shi ba, Uwani nake cewa. Amma ma'aikatan asibiti ba ruwansu da alkunya. Duk sanda za a ba da magani sai su ɗaga murya su kira sunan nan cikakke, in ji gabana ya faɗi, kamar ke ce a gadon, an dawo min da ke in sake jinya, a ga ko wannan karon zan iya.

Ita dai ba ta kore ni ba. A kwana na shida ina goge mata jiki da la'asar, na ɗaga ƙafarta, a bayan gwiwa, can cikin lanƙwasa. Baƙi ƙirin. Bai kai ƙwayar wake ba. Gefensa ya yi zobe.

Inna, tsumman ya faɗi daga hannuna.

Na nuna wa wata ma'aikaciya da ta zo canza ruwa. Ta leƙa ta ce ɗan ƙurji ne ya bushe, zafin jiki kan fito da su. Ba da wulaƙanci ta faɗa ba, mutum ashirin ke jiran ta. Na ce to. Me zan ce? Ni da ilimina na allo ne da littattafan zaure, bokon ma sai da na haifi uku na koya a ajin manya. Hujja ɗaya gare ni da za ta sa in tare likita in ce a sake dubawa: na taɓa ganin wannan tabon a jikin wata mai irin wannan zazzaɓin, kuma ba ta tashi ba. Hujjar kuwa tana cikin ɗakin da aka ce abin da ido ya gani a nan zai zauna.

Washegari likita ta zo zagaye, yarinya ce ba ta fi ƙanwata ta uku ba. Ta duba kati, ta taɓa goshin Uwani, ta ce akwai wani abu da na lura da shi? Na ce a raina in na nuna tabon za ta tambaye ni me ya sa ya dame ni, ƙarya ba zan yi ba, gaskiya kuma amanarki ce. Na sunkuyar da kai. Ta wuce gado na gaba.

Wannan yinin da na ɓata shi ne abin da nake neman gafarar Allah a kansa fiye da komai. Kafin la'asar Uwani ta fara sambatu, tana kiran ragonta, tana ce min Gwaggo.

Sunan da ta kira ne ya tuna min. Na fita bayan ɗakin, ƙarƙashin wani dogon yaro, na kira Gwaggo Tumba a waya. Tana nan da ranta, Inna, idanun ne suka tafi, amma bakin yana nan yadda kika san shi. Na yi ta kewaye-kewaye, ina cewa idan mutum ya ga abu a wurin da aka hana faɗa, kuma wani yana cikin hali. Ta katse ni. "Ke Balki, ba ni da katin da za ki ƙone min da wa'azi. Mi kika gani, ga wa?" Ni ce na kira, katina ne ke ƙonewa, amma ban gyara mata ba. Na faɗa mata, tunda ita ma tana ɗakin ranar.

Ta ce, "Karatun ga naki ya yi miki yawa. Aibi anka ce a ruhe. Uwarki sata ta yi? Ɗan tabo aibi na?"

Sai muryarta ta sauka. Ta ce ita ma ta gan shi ranar. Ta ce kuma ba a jikinki kaɗai ba. Shekarun da ta yi tana wanka tsakanin Andarai da ƙauyukan kewaye, ta gan shi ba ɗaya ba, ba biyu ba, yawanci da kaka, a jikin matan da aka ce masassara ce ajalinsu. Na ce, Gwaggo, ba ki taɓa faɗa ba? Ta ce, "Wa ka tambayar mai wanka? Likita na ganin huska, ni ka ganin saura, kuma ba mu taɓa zama tabarma guda ba." Sannan ta ce, "Tashi ki tahi ki hwaɗi. In da zunubi rataya min shi ga wuya, ni na kusa zuwa in yi bayani da kaina."

Na sami likitar tana fitowa daga wani ɗaki, jaka a kafaɗa, za ta tafi gida. Ni da ban taɓa riƙe rigar wani ba, na kama hannun rigarta. Na ce, "'Yar nan, ki yi haƙuri. Mahaifiyata ta rasu da irin zazzaɓin nan, ni na kama wankanta. Na ga wani abu a jikinta, jiya na gan shi a jikin ɗiyata." Ta aje jakar.

Ta daɗe tana duban tabon da fitilar wayarta. Ta matsa matsematsin Uwani ta ji kaluluwa. Ta ja labule ta duba bayanta da cikinta, ta nuna min wasu ƙananan ɗigo-ɗigo da ban lura da su ba, ta ce a fatarmu ba su cika fitowa fili ba. Ta tambaya ko muna da dabbobi, ko yarinyar na shiga ciyawa, ko akwai ɓeraye a gidan. Da na ba ta labarin ragon Maiyama, ta gyaɗa kai. Ta rubuta wani magani, ƙwaya ce ba wata mai tsada ba, irin wadda ke kan kanta a kowane shago. Ta ce a fara yanzu, kar a jira gobe.

Kwana biyu, Inna. A safiya ta biyu na taɓa goshinta na ji shi kamar randa. Ta buɗe ido ta ce, "Umma, wa ke ba ragona dusa?" Babanta da ke tsaye ya ce, "Ragon da ya kusa kai ki lahira? Wuƙa zan ba shi." Ta ce, "Baba, ai ba shi ya cije ni ba." Na juya na fuskanci bango don kar su ga idona.

Ranar da za a sallame mu likitar ta zauna a bakin gado ta yi min bayani, ban san ko don ta ga ina da tambaya a fuska ba. Zan faɗa miki yadda na fahimta, in na yi kuskure masu sani su gyara.

Ta ce maleriya ita ce uwar zazzaɓi a ƙasar nan, babu mai musun wannan, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka, kuma a wuraren fadama da lambun albasa sauro ba ya tafiya hutu ko da rani. Ai ni ba sai an gaya min ba, ni da ta ɗauke min ɗana Abdullahi yana shekara biyu. Amma ta ce yawanta ne ya sa ta rufe sauran, kamar yadda kuka ke rufe ƙananan itatuwa. Akwai wasu ƙwayoyin cuta da ba sauro ke kawo su ba. Kaska ke kawo wasu, ƙumar ɓera wasu, ƙwarƙwata wasu. Ta faɗi sunan danginsu, riketsiya. Na sa ta maimaita, na rubuta shi da ajami a bayan kati. Zazzaɓinsu da ciwon kansu da ciwon gaɓoɓinsu duk irin na maleriya ne, amma maganin maleriya ba ya taɓa su. Wani lokaci sukan bar tabo a inda aka yi cizon, wani lokaci ba sa barin komai. Da yawa sukan warke da kansu, shi ya sa ake cewa allura ta uku ce ta yi aiki. Amma wani, musamman tsoho ko wanda aka makara, ba ya tashi.

Na ce su wa ya fi kamawa? Ta yi murmushi ta ce in leƙa unguwarmu in ƙirga. Mai kiwo a tsakar gida, mahauci, mai yankan ciyawa, mai ɗora shanu a mota, wanda rumbunsa ke cike da ɓera. Na ƙirga a raina, ban ga gidan da ya fita ba. Na ce to mutum nawa yake kamawa a shekara? Ta ce ba ta sani ba, kuma ba ta jin akwai wanda ya sani a nan, don gwajinsa ba ya samuwa a yawancin asibitocinmu, abin da ba a gwadawa kuwa ba ya shiga lissafi. Ta ce ko na Uwani ba za ta rantse ba, alamu ta bi, magani kuma ya amsa.

Sai na yi tambayar da ta kawo ni. Na ce amma ita mahaifiyata an gwada ta, layi biyu suka fito. Ta ce a inda sauro ya yi yawa, babba kan iya yawo da ƙwayar maleriya a jininsa ba tare da ita ce ta kayar da shi ba. Gwajin bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa, ba a dai tambaye shi sauran ba. Kuma mutum kan iya haɗa biyun. Ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, game da ita, Allah kaɗai ya sani. Ba zan ce miki shi ne ba, ba zan ce ba shi ba ne."

Na gode mata da ba ta yi min ƙarya ba.

Ba na cewa "da na sani", Inna. An koya mana wannan kalma ƙofa ce da ba a buɗewa. Kwananki ya ƙare ne a ranar da aka rubuta, ko da likitocin duniya sun kewaye ki. Na yi imani da haka, ba da baki kaɗai ba. Amma zuciya ba ta da linzami. Takan kai ni bayan ƙofar nan, ina tsaye, ina jin zubar ruwa. Ba maganin nake tunani ba. So nake a ce sau ɗaya na tura ƙofar na ce, Inna, kawo in cuɗa miki baya. Ki yi faɗa, ki ce ba ni da kunya, ki yi kwana biyu ba ki dube ni ba. Da na ɗauka.

Ina kewarki a wuraren da ban zata ba. In na ji ƙamshin daddawa sabon daka. In na ga tsohuwa a tashar Jega ta ɗaure kuɗi a bakin gyale tana kwancewa da haƙori. In wani a kasuwa ya ce "ke", sai na waiga, ko da na san ba ni ake nufi ba. Yanzu kowa da sunan da yake kira na, Umma, Hajiya, Malama, Maman Uwani. Babu mai ce min "ke" yadda kike faɗa, a gajarce, kamar kina tsoron kalmar ta daɗe a bakinki wani ya gane abin da ke ƙarƙashinta.

Da Uwani ta yi ƙarfi mun je Andarai gaida Gwaggo. Ta shafa fuskar yarinyar da hannu biyu ta ce, "Wagga ai uwarki ta, an sake mata fata." Na gaya mata ina so in rubuta, amma ina jin nauyinki. Ta ce, "Rubuta. Wadda ta yi shekara hamsin tana cire ma akuyar maƙwabta kaska ba a biya ta ba, ita za ta hana a cire ma mutane?" Na je na tambayi malamai kuma, don maganar Gwaggo ita kaɗai ba ta isa fatawa ba. Sun ce abin da aka hana shi ne tona abin da zai muzanta mamaci, kuma in taƙaita a kan buƙata. Na taƙaita iya ƙoƙarina. Ban faɗi sunanki ba, ban faɗi wurin ba.

Abin da nake so matan da ke gefen tabarmar nan su ɗauka ba shi da yawa. Su ci gaba da ɗaura gidan sauro, su ci gaba da zuwa gwaji. Amma in gwaji ya ce babu, kar su ce ɓuya ta yi. In an sha magani zafi bai sauka ba, su koma, su faɗi cewa akwai dabbobi a gida. Kuma su duba jikin mai jinya tun yana da rai. Uwa ta duba ɗiya. Ɗiya ma, ko 'yar fari ce, ta runtse ido ta duba uwa. Kar mai wanka ta zama ita ce ta farko da za ta gani.

Uwani yanzu da ɗan matsefi take cire kaska, ta jefa a kalanzir, ta wanke hannu da sabulu. Wani lokaci takan manta ta kai farce, in yi gyaran murya. Na kuma gaya mata, in Allah ya kawo ranar da na kwanta, kar ta saurari "aje ruwan ki fita". Ta ce, "Umma, ni da ma ba fita zan yi ba." Ta karkata kai.

Saura abu ɗaya, shi ne dalilin wasiƙar. Na ɗaga gefen zanen da aka ce in rufe. Na yi shi don mai sunanki, kuma ga ta tana shara a tsakar gida ina jin ta. In na yi daidai, Allah ya kai ladan kabarinki, don da jikinki aka yi wannan sadaka. In na yi kuskure, ki yafe min, Inna. Kin rufe min abubuwa da yawa da ban san adadinsu ba.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka. Ka wanke ta da ruwan rahamarka fiye da yadda hannuwanmu suka iya. Ka sa zafin kwana goma sha uku ya zama kaffara gare ta. Ka suturta ta ranar da babu sutura sai taka. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, ka ba masu duba su ido da haƙuri. Ka haɗa mu a gidan da babu masassara, babu zana tsakanin uwa da ɗiya. Amin.

In mun haɗu can ba sai kin kira sunana ba. Ki faɗi yadda kika saba, zan waiga.

Wassalam.

Taki har abada,
Ke, waccan ta Jega.